Ƙananan ƙulli a gefen gyambon dunduniya: nazarin lamarin wani manomi daga ƙasar Daura

Majinyacin dattijo ne mai shekara sittin da 'yan kai, manomin gero da gyaɗa daga wani ƙauye a yankin Sandamu, ƙasar Daura. Na sakaya sunansa da na garinsu. Babban ɗansa ne ya kawo shi asibitin da nake aiki a Katsina bayan an gama kaka, da takardar turowa mai layi ɗaya: gyambo a dunduniyar hagu, ya ƙi warkewa.

Tarihin ciwon

Damina biyu da suka wuce ya lura da wani baƙin tabo a ƙasan dunduniyarsa. Ƙafar manomi ce mai kaushi da faso, don haka ya ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Tabon ya yi ta faɗi a hankali, daga baya tsakiyarsa ya ɗago ya yi tudu har takalmi ya fara gogarsa. Ya je wurin wanzami aka tsaga masa don a fitar da ƙayar, ba a sami komai ba sai baƙin jini. Tun daga ranar wurin bai sake haɗewa ba. Aka koma kemis ana wankewa ana ɗaurewa, aka yi allurai, aka shafa na gargajiya kala-kala. Wasu a gida suka ce ya taka wani abu ne da aka binne masa a gona. An gwada shi ciwon suga sau biyu, babu.

Abin da ya tayar da shi daga ƙarshe wari ne da jini. Ya ce ya daina shiga sahun gaba a masallaci, saboda duk inda ya tsaya sai ya bar tabo a tabarma. Ba ya shan taba, ba shi da tari, bai rame ba, yana cin tuwonsa yadda ya saba.

Abin da aka gani

Ya shigo da takalmin roba wanda ya yanke bayansa da wuƙa don ya ba ciwon wuri, ƙafar naɗe da tsumma. Da aka kwance sai ga gyambo mai faɗin santimita 4, tsakiyarsa jan nama mai saurin zubar da jini, bakinsa baƙi ƙirin, baƙin kuma ya malala cikin fatar tafin ƙafa ba tare da iyaka tsayayya ba, wani wurin duhu sosai, wani wurin ruwan ƙasa.

Sai da aka wanke ƙafar da ruwan gishiri aka kankare busasshen magani sannan sauran suka bayyana. Ƙulli uku ne ƙanana a kewayen gyambon, mafi girmansu milimita 6, mafi ƙanƙanta milimita 3, baƙaƙe masu sheƙi, masu tauri, kowanne da lafiyayyar fata tsakaninsa da babban ciwon. Duka ukun suna cikin tazarar santimita 2 daga bakin gyambon. Na bi ƙafar da yatsa zuwa sama, sai na ji na huɗu a ƙarƙashin fata, sama da idon sawu ta ciki, santimita 9 daga ciwon. Wannan ido ba ya ganinsa, hannu ne kawai ke jin sa. A matsematsin hagu akwai kaluluwa ɗaya mai tauri, ba ta ciwo, tana motsi idan an taɓa.

"Baba, waɗannan ƙananan fa, yaushe suka fito?"

"Ai waɗannan ba komai ba ne, likita. Wata uku ke nan ko huɗu. Ba sa ciwo. Uwar ce ta hana ni sakat."

Ɗan ya ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, mu dai a taimaka a cire babban. 'Yan ƙurajen nan za su baje da kansu."

Wannan fahimtar tasu ba abin zargi ba ce, kowa idonsa kan abin da ke zubar da jini yake tafiya. Amma a wannan ƙafar ƙananan ne suka fi ba da labarin abin da ke tafe.

Kafin a kira sunan cuta, akwai abubuwan da dole a kawar. Manomi daga wannan yanki mai ƙulli da yawa a ƙafa yana iya zama yana da maisetoma, ciwon da ƙaya ke shigar da ƙwayarsa cikin nama, wanda aka sani a ƙasashen Sahel tun daga Senegal har Sudan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016. Shi maisetoma ƙullinsa fashewa yake yi yana fitar da ruwa da 'yan tsaba, ƙafar kuma ta kumbura ta yi tauri. Na majinyacinmu ba sa fitar da komai. Akwai dajin Kaposi, wanda shi ma yake fitowa a ƙafa da ƙulli masu duhu, shi ya sa aka yi gwajin ƙanjamau, ya fito babu. Akwai kuma dajin da ke tsirowa a tsohon gyambo ko tabon ƙuna, amma shi ba ya zuwa da irin wannan baƙin. Magana ta koma kan melanoma, wani nau'in ciwon dajin fata, sai dai ba a yanke hukunci da ido. Aka nemi izinin yankar ɗan nama daga bakin gyambon, da cire ɗaya daga cikin ƙananan ƙullin gaba ɗaya, a kai ɗakin gwaji.

A nan ɗan ya ja da baya. Ya ce an gaya musu daji ba ya son ƙarfe, kuma tun da wanzami ya sa aska ne ƙananan suka fito. Na ɗauki lokaci a kan wannan, domin maganar tana hana mutane da yawa zuwa asibiti. Tsagar wanzami ta yi ɓarna: ta buɗe ciwo, ta shigar da datti, ta kuma cinye watanni ana jinyar gyambo alhali daji ne. Amma binciken da aka yi kan yankar ɗan nama don gwaji bai nuna yana gajarta ran mai melanoma ba. Abin da mutane ke gani shi ne, ba a kai ciwo ga ƙarfe sai ya riga ya yi nisa, sai a ɗora wa ƙarfen laifin abin da dama yana hanya. Baban ne ya raba gardamar. Ya ce, "A yanka. Wanda ya zo neman magani ba ya zaɓen hanya."

Sakamakon gwaji

Bayan mako uku sakamako ya dawo. Melanoma ce, irin wadda ke fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Kaurinta a yankin da aka gwada milimita 6, fatar samanta kuma ta ɓare. Ƙaramin ƙullin da aka cire cike yake da irin ƙwayoyin dajin da ke cikin babban, a kwance cikin fata, babu abin da ya haɗa shi da uwar. Hoton CT na ƙirji, ciki da ƙugu bai nuna komai a huhu ko hanta ba, sai kaluluwar matsematsi.

Melanoma daji ne na ƙwayoyin da ke ba fata launi. A wurin Turawa yawancinta a baya, ƙirji da ƙafafu take fitowa, kuma zafin rana ne babban sanadi. A wurin baƙar fata ba ta da yawa, amma idan ta zo tafin ƙafa ta fi zaɓa, inda rana ba ta da hannu a ciki, kuma an fi ganinta a wuraren da ke ɗaukar nauyin jiki kamar dunduniya. Irin wannan ce ta kama mawaƙin Jamaika Bob Marley a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa a 1977, aka fara ɗauka raunin ƙwallo ne, ta yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36.

Kaurin da aka auna yana da tarihi. A 1970 wani likitan gwajin nama a Amurka, Alexander Breslow, ya nuna cewa zurfin da melanoma ta nutsa cikin fata shi ne ya fi nuna makomar mai ita, ba faɗinta ba. Har yau da ma'auninsa ake aiki. Duk abin da ya haura milimita 4 yana rukunin ƙarshe, T4, idan fatar ta ɓare kuma T4b. Na Baba T4b ne.

Abin da ƙananan ƙullin ke nufi

A ƙarƙashin fata akwai siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan jiki daga ƙafa zuwa matsematsi, inda wasu ƙananan matatu ke tace shi. Su ne idan sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito. Idan ƙwayoyin melanoma suka ɓalle daga uwar suka faɗa cikin waɗannan hanyoyi, wasu sukan kai har matsematsi, wasu kuma su maƙale a hanya su yi girma a inda suka tsaya. Wanda ya tsaya cikin tazarar santimita 2 daga uwar shi ne ɗan rakiya. Wanda ya wuce santimita 2 amma bai kai matsematsi ba, kamar na saman idon sawun Baba, shi ne na kan hanya. Akwai na uku wanda ba a ganinsa sai a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji, a cikin naman da aka cire, gefen uwar ko ƙarƙashinta. Iyakar santimita 2 ɗin nan yarjejeniya ce kawai ta likitoci. Da aka bibiyi majinyata, ba a sami wani bambancin a zo a gani ba tsakanin makomar masu nau'i ukun, shi ya sa aka haɗa su rukuni ɗaya.

Muhimmancinsu ke nan: ƙulli ɗaya mai milimita 3 shaida ce da ido ke gani cewa dajin ya riga ya koyi barin gida. Girman babban ciwon yana nuna yiwuwar yaɗuwa, ɗan rakiya kuwa yaɗuwar ce kanta. Da nake yi wa ɗan bayani, ƙuduji na kawo masa misali, tunda manomi ne: ranar da ka ga furensa a gefen gero, ka san ya daɗe da kama saiwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma wanda ka gani ba shi kaɗai ba ne. Ya yi shiru, sannan ya ce ya gane.

Tsarin da ake auna matakin melanoma da shi a yau na AJCC ne, kwamitin Amurka mai tsara matakan ciwon daji, bugu na takwas, wanda ya fara aiki a 2018, an gina shi a kan bayanan majinyata sama da 46,000. A cikinsa 'yan rakiya ba a lissafa su da uwar, ana lissafa su ne tare da kaluluwa, a rukunin da ake kira N. Idan akwai su kuma babu daji a kaluluwa ko ɗaya, N1c ke nan. Idan akwai su da kaluluwa ɗaya, N2c. Idan kaluluwa biyu ne ko fiye, N3c. Ma'ana, ko da matsematsi lafiya ƙalau yake, ɗan rakiya guda ya isa ya fitar da mutum daga mataki na biyu ya kai shi na uku.

A dubi yadda wannan ya taɓa Baba. Da T4b ce kawai, babu ƙulli babu kaluluwa, da matakinsa IIC ne, inda alƙaluman wancan kwamiti suka nuna kashi 82 cikin 100 ba su mutu da cutar ba bayan shekara biyar. Da ƙullin da kaluluwa ɗaya ya zama IIIC, kashi 69. Wannan shi ne matakin da muka shiga ɗakin tiyata da shi.

Ba melanoma kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. A kansar mama, ƙananan ƙulli a fatar nonon da ke da ƙarin suna mayar da shi T4b komai ƙanƙantarsa, wato aƙalla mataki IIIB, kuma a irin wannan hali da magani ake farawa kafin wuƙa. A dajin huhu, ƙulli na biyu a sashe ɗaya da uwar T3 ne, a wani sashen na huhu ɗaya T4, a ɗaya huhun kuwa an shiga mataki na huɗu. A dajin hanta, wanda muke yawan gani a Arewa saboda ciwon hanta nau'in B da gubar gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, 'yan rakiya a kewayen babban ƙari suna cikin manyan alamun cewa zai dawo bayan an yanke. Gaɓoɓi daban, hanyoyin yaɗuwa daban, amma duk inda aka ga ƙananan sai lissafi ya canza.

Tiyata

An cire gyambon tare da santimita 2 na lafiyayyar fata a kowane gefe, aka faɗaɗa yankan ya haɗa da sauran 'yan rakiya biyu da gurbin wanda aka cire don gwaji, aka nutsa har kan farin jijiyar tafin ƙafa. Na saman idon sawu aka cire shi daban da ɗan lafiyayyen nama a kewaye. Aka ɗebo fata daga cinyar dama aka dasa a dunduniya, sannan aka kwashe kaluluwar matsematsin hagu gaba ɗaya. Akwai lokacin da ake yankan melanoma da santimita 5, tunanin da ya samo asali daga bayanin likitan Ingila Sampson Handley a 1907 kan yadda take bin hanyoyin ruwan jiki. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa wuce santimita 2 ba ya ƙara kwana, rami kawai yake ƙarawa. Dalili a fili yake: ƙwayar da ta riga ta kai idon sawu, ƙarin santimita ɗaya a dunduniya ba zai kamo ta ba.

Dashen ya kama sai ɗan gefe. Matsematsin ya yi ta tara ruwa kusan mako uku kafin a cire robar da ke zuƙe shi, ƙafar kuma ta ɗan kumbura, abin da aka saba gani bayan irin wannan aiki.

Sakamakon naman da aka cire shi ne ya sauya lissafi. Bakin yankan tsaf yake, babu daji. Amma cikin kaluluwa 11 da aka ƙirga, biyu ne ke ɗauke da melanoma, ba ɗaya ba. Ta biyun ƙarama ce da hannu bai ji ba. An kuma ga ƙarin ɗan rakiya na ƙarƙashin madubi a naman dunduniyar. A nan ne nauyin ƙananan ƙullin ya fito ƙarara. Mai T4b da kaluluwa biyu, idan babu 'yan rakiya, N2b ne, yana nan a IIIC da kashi 69. Wannan mutumin, da wannan kauri da waɗannan kaluluwa biyu, idan an ƙara masa 'yan rakiya ya zama N3c, mataki IIID, inda kashi 32 cikin 100 ne suka kai shekara biyar, kashi 24 shekara goma. Abin da iyali suka kira 'yan ƙuraje shi ne ya raba kashi 69 da kashi 32.

Dole a karanta waɗannan alƙaluma da hankali. An tattara su ne daga cibiyoyin Amurka, Turai da Ostareliya, daga majinyata mafi yawansu farar fata, masu zuwa asibiti da wuri kuma ana bibiyarsu a kai a kai. Melanoma ta tafin ƙafa kaɗan ce a cikinsu, kuma an san makomarta ta fi muni. A ganina, ga manomi a Sandamu kashi 32 ɗin nan rufi ne, ba tsakiya ba. Kuma ba agogo ba ne da zai faɗa wa mutum ɗaya ranarsa. Amfaninsa shi ne ya shiryar da shawara.

Zancen yanke ƙafa da zancen kuɗi

Ɗan ya same ni a baranda bayan an yi musu bayani. Ya riga ya yi nasa lissafin.

"Ranka ya daɗe, in dai a ƙafar yake, a yanke ta daga cinya mana. Gara Baba da sanda da a ce babu shi."

Tambaya ce ta mai hankali, kuma ta fito daga ƙauna. Amsar ita ce yanke ƙafa ba ya ƙara wa mai irin wannan mataki kwana. Abin da ke kashe mai melanoma ba ƙullin ƙafa ba ne, wanda ya sauka a huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa ne, kuma dajin da ya kai matsematsi ya riga ya wuce inda zarto zai tsaya. Ana yanke ƙafa ne kawai idan ciwo, jini ko ruɓewa sun gagari komai. A raba dattijo da ƙafarsa a watannin da yake iya zuwa gona da masallaci, ba tare da an saya masa ko wata ɗaya ba, wannan zalunci ne ko da niyyar kirki aka yi shi.

Abin da ke rage dawowar cutar bayan tiyata magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ne, irin su pembrolizumab da nivolumab, waɗanda aka fara amincewa da su a Amurka a 2014. Sun sauya labarin melanoma a duniya. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda tasa ta kai hanta da ƙwaƙwalwa a 2015, an yi masa tiyata, aka gasa dajin da hasken na'ura, aka ba shi pembrolizumab, ya rayu har Disambar 2024 yana da shekara 100. Amma akwai abu biyu da ba a ɓoye wa iyali. Na farko, melanoma ta tafin ƙafa ba ta jin waɗannan magunguna kamar ta sauran jiki. Na biyu, ana yin pembrolizumab duk mako uku har shekara guda, kuma kowace allura kuɗinta miliyoyin naira ne. Magungunan haɗiya da ke aiki a kan sauyin ƙwayar halitta mai suna BRAF suna taimakon kusan rabin Turawan da ke da melanoma, amma a ta tafin ƙafa masu wannan sauyi ba su kai ɗaya cikin huɗu ba, gwajin kansa kuma da tsada. Tsohon maganin daji mai suna dakarbazin yana da sauƙin samu, sai dai ba a taɓa nuna yana ƙara kwana ba, kuma ba shi da gurbi bayan tiyata irin wannan. Akwai dabarar da aka fara a Amurka tun shekarun 1950, ta ɗaure jinin ƙafa a zagaya magani mai ƙarfi a cikinta ita kaɗai. Tana narkar da ƙulli, ba ta ƙara kwana, kuma aikin manyan cibiyoyi ne. Gasa matsematsi da hasken na'ura yana rage dawowar daji a wurin amma yana ƙara kumburin ƙafa, kuma an fi ba da shi idan kaluluwa uku ne ko fiye, ko dajin ya fasa bawonsu. Na Baba bai kai haka ba, ba a tura shi ba.

Dukiyar gidan gona biyu ce da shanun huɗa biyu. Ɗan ya ce zai kai shanun kasuwar Mai'adua, ya jinginar da gona ɗaya. Muka zauna da takarda muka lissafa tare, abin da zai samu ba zai kai ko rubu'in shekarar maganin ba. Ban ce masa kada ya sayar ba, ba hurumina ba ne. Na dai faɗa masa abin da kuɗin zai iya saya da abin da ba zai iya ba, na kuma nemi a yi maganar a gaban mai ciwon. Akwai al'adar ɓoye wa dattijo gaskiya don kada hankalinsa ya tashi, kuma na san daga tausayi take fitowa, amma ƙafarsa ce, gonarsa ce. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya ga ɗansa. "Kai, ba za a sayar da abin noma ba. Akwai ƙannenka. Likita ya yi nasa, sauran na Allah ne."

Bayan sallama

Tunda an san irin dajin da ake fama da shi, bibiya ta zama ita ce magani. Aka sa masa dawowa duk wata uku. Aka koya wa ɗan duba ƙafar duk ranar Juma'a da rana tsaka: ya wanke ta, ya bi ta da tafin yatsu daga dunduniya zuwa cinya, musamman ta ciki inda hanyoyin ruwan ke bi, ya kewaye duk abin da ya ji da biro ya ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp. Aka ba da safa mai matsewa saboda kumburi, aka sa mai gyaran takalmi ya yi masa shimfiɗa mai laushi a dunduniya. Ya yi noman daminar da ta biyo baya, yana bin shanu a hankali, yara na riƙe garma.

A wata na bakwai hoto ya zo da da'ira biyu a sha-raɓa. Aka cire su da allurar kashe zafi, ya koma gida a ranar. A wata na goma sha ɗaya suka fito guda biyar, daga sha-raɓa zuwa ƙasan gwiwa. Dashen dunduniyar kuwa lafiya lau, babu abin da ya dawo a wurin uwar. Wannan shi ne yanayin da 'yan rakiyan farko suka yi hasashe: an gama da babban ciwon, hanyar ce ke ci gaba da fitar da abin da aka zuba mata tun kafin ya zo asibiti. A wata na goma sha huɗu ya fara tari da saurin gajiya. Hoton ƙirji ya nuna ƙulli da yawa a huhu biyu, mataki na huɗu.

Aka sake zama da shi da 'ya'yansa biyu. Shawarar da aka cimma ita ce a mayar da hankali kan sauƙaƙa masa, kuma a kusa da gida, tunda tafiyar kimanin kilomita 80 daga Daura zuwa Katsina a motar haya ta fara yi masa nauyi. Aka fara masa mofin na sha, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, da maganin da zai hana shi taurin bayan gida. Ƙulli ɗaya da ya fashe yana wari, aka nuna wa ɗan yadda zai daka ƙwayar metronidazol, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya barbaɗa a kai kafin ya ɗaure. Na yi masa bayani cewa mofin ba alamar an sallama mutum ba ne, kuma wanda ke shansa don ciwo bisa ƙa'ida ba ya zama ɗan ƙwaya.

Na rubuta wa abokin aikin da zai ci gaba da ganinsa a Daura takarda mai shafi biyu, da cikakken mataki da duk abin da aka yi. Na roƙe shi kada a cire wani ƙulli sai wanda ke jini, ciwo ko hana sa takalmi, kada a ƙara sa su kashe kuɗi a hoton CT tunda sakamakonsa ba zai canza magani ba, a ƙara mofin gwargwadon ciwo ba tare da jiran sai ya yi tsanani ba, kuma idan aka ga ciwon kai mai tsanani, amai, farfaɗiya ko raunin ɓarin jiki, a fara deksametazon, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, a kira ni a waya kafin a ɗora shi a mota.